Baƙin garin da muke cuɗa waken suya da shi: me ke cikin ledar nan?

Manomin Bukuru:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata damuwa ce ta tsaya min a rai tun kakar bara, ga shi damina ta ƙarato, ba na so in sake faɗawa ramin da na faɗa. Shekara uku ke nan ina noman waken suya a wajen Jengre, kadada biyu. Shekarar farko da ta biyu na sayi baƙin garin nan na leda da ake cuɗa iri da shi kafin shuka, kuma na ga amfaninsa da idona. Ganye kore shar, in ka tono tushe ɗaya sai ka ga ƙuraje sun yi wa saiwa cincirindo, ka fasa ɗaya da farce ka ga cikinsa ja kamar nama. Bara na makara, sai na saya a wani shago daban. Da na yage ledar a bakin gona, garin ya bushe ƙayau, yana tashi kamar ƙurar hunturu, alhali na da yana da ɗan danshi, in ka dunƙula shi a hannu yana kama jikinsa. Ban kawo komai a raina ba, na cuɗa na shuka. Bayan sati shida ganye ya fara yin ɗorawa, na tono na ga ƙuraje tsilli-tsilli, waɗanda ke akwai ma cikinsu fari fat. Iri ɗaya ne, gona ɗaya, hannu ɗaya. To shi wannan garin mene ne ainihinsa? Taki ne? Me ya sa bushewarsa za ta kashe aikinsa? Kuma in gawayi ne aka niƙa, kamar yadda wani ya ce min, me zai hana mu riƙa yin abinmu a gida?

Malamin Gona Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam. Sannu ɗana, Allah ya mayar da alheri. Garin nan ba taki ba ne, kuma ba shi ne maganin ba. Masauki ne kawai. Masu aikin wasu ƙwayoyin halitta ne masu rai, bakteriya, ana ce musu raizobiyam, ido ba ya ganinsu. Iskar da muke shaƙa, kashi 78 cikin 100 naitirojin ne, wato sinadarin da muke biyan kuɗi mu saya a buhun yuriya, amma shuka ba ta iya cin sa daga iska kai tsaye. Su waɗannan ƙwayoyin suna shiga saiwar wake, su gina ƙurajen nan da ka gani, su zauna ciki suna juya iskar ta koma abincin shuka, ita kuma shukar tana ciyar da su da sukarin da ganyenta ya haɗa. Jan da ka gani a cikin ƙurjin alama ce aiki na tafiya. Fari ko kore, ba a komai.

To ka ɗauka ka kama kifi a kududdufin kuza a nan Bukuru za ka kai Jengre da ransa. Ai ba kifin kaɗai za ka ɗauka ba, sai da ruwa a bokiti. In ruwan ya zube tun a Farin Gada, da me za ka isa? Ledar da ka saya bara, ruwan ne ya zube. Kifin yana ciki, amma ba rai.

Hajiya Mai Awara, Gangare:
Allah ya saka da alheri Baba Malam. Wallahi mu a ƙungiyarmu ta mata da aka fara kawo mana shi, wasu sun ɗauka guba ce irin wadda ake sa wa iri don tsutsa, har suna ɗaure hanci da mayafi. Ni kuma mahaifina, Allah ya jiƙansa, in ya ga ƙurajen nan a saiwar gyaɗa cewa yake ciwo ne ya kama ta.

Ɗalibar Ilimin Ƙasa:
Sannunku iyayena. Baba ya gama magana, ni dai zan ɗan ƙara a kan shi masaukin, don a kansa nake aikin bincikena. Abin da aka fi amfani da shi a duniya sunansa fit. Ganyaye ne da ciyawa da gansakuka da suka mutu suka kwanta a cikin dausayi mai ruwa, ba su gama ruɓewa ba saboda babu iska a ƙasan ruwan, suka yi ta taruwa tsawon dubban shekaru. Taruwar ma a hankali take, kamar milimita 1 a shekara. Ana haƙo shi, a busar, a niƙa shi lukui fiye da garin tuwo, a zuba masa farar ƙasa don a kashe tsaminsa, domin shi fit yawanci mai tsami ne, su kuma ƙwayoyin sun fi son tsaka-tsaki, wajen 6.5 zuwa 7 a ma'aunin tsami. Daga nan a zuba a leda, a kashe duk wani abu mai rai da ke ciki, sannan a yi wa ledar allurar ruwan da aka raini ƙwayoyin a cikinsa, a toshe, a murza, a ajiye na wasu kwanaki su bazu su hayayyafa.

Dalilin da ya sa aka fi son fit: yana shan ruwa ya riƙe kamar soso amma bai zama taɓo ba, yana da 'yan ramuka da ƙwayoyin ke fakewa, yana da ɗan abinci, kuma yana manne wa iri. Danshin da ake so a leda kusan kashi 40 zuwa 50 cikin 100 ne, shi ne abin da Yaya Manomi ya ji a hannunsa shekarun farko. Leda mai kyau, kowane giram 1 ya kamata a samu ƙwayoyi masu rai biliyan 1. Nodumax, wani samfurin garin nan da cibiyar binciken noma ta IITA ke yi a Ibadan, ledar giram 100 ce ta iri kilo 10. Ku yi lissafi: kilo ɗaya na iri ya samu giram 10, wato ƙwayoyi biliyan 10, a raba wa ƙwayar wake kamar 7,000 zuwa 8,000, kowace ta tashi da sama da miliyan 1. Da gangan aka yi yawan nan, don da yawansu mutuwa suke tun kafin saiwa ta fito.

Manomin Bukuru:
Ikon Allah. Ƙanwata, ke nan ni matattu na shafa wa irina.

Ɗalibar Ilimin Ƙasa:
Ga dukkan alamu Yaya. Irin wannan bakteriya ba ta iya naɗe kanta cikin ɓawo ta jira ruwa kamar yadda wasu ke yi. In ta bushe ta tafi. Zafi ma haka, da ya kai digiri 40 suna zubewa da sauri, cikin mota a rufe da rana kuwa ya wuce haka nesa.

Alhaji Mai Shagon Taki:
Salamu alaikum. Na san yanzu za a ce laifin masu shago ne, to bari in faɗi namu. Ba ni na sayar wa bawan Allahn nan ba, amma na san yadda abin ke faruwa. Kaya na tasowa daga kudu a bayan babbar mota, kwana biyu ko uku a hanya, ƙarƙashin tamfol, tare da buhunan kamfa da jarkokin maganin feshi. Ya iso, ni ba firji gare ni a shago ba, in ma akwai ina wutar? Manomi kuma ba ya zuwa sai ranar da ruwa ya sauka, yana sauri. In na saro da yawa ya kwana min, badi ya zama shara, jarina ya tafi. In na saro kaɗan a ce ba na kawo kaya. Abin da ba na yi shi ne sayar da na bara. Amma akwai masu yi, kuma wallahi da yawansu ba mugunta ba ce, ba su san abu ne mai rai ba. Suna jera shi a teburin waje da rana tare da ledojin irin tumatir don mai wucewa ya gani. Ba wanda ya taɓa zaunar da su ya faɗa musu abin da Baba Malam ya faɗa yanzu.

Malamin Gona Mai Ritaya:
Gaskiya ka faɗa Alhaji. Ana koya wa manomi yadda zai cuɗa, a manta da wanda kayan ke kwana a hannunsa wata biyu.

Matashi Daga Rikkos:
Ni tambayar ƙarshe ta Yaya Manomi ce ta dame ni, kuma na ga an tsallake ta. Anti ɗaliba, shi fit ɗin nan a ina muke samunsa? In daga waje ake shigo da shi da dala, to mun gudu ba mu tsira ba ke nan. An ce mana mu rage dogaro da takin waje, sai kuma a ce ƙasar da za a zuba ƙwayoyin ma sai ta hau jirgin ruwa. Ga gawayi a ko'ina, ga buntun shinkafa tuli-tuli a bayan injina ana cinna masa wuta, ga garin katako a kasuwar Katako ana neman mai kwashewa. Ni na gama karatu ba aiki, in abin mai yiwuwa ne zan shiga.

Ɗalibar Ilimin Ƙasa:
Ƙanena tambayarka ita ce ta sa na zaɓi wannan aikin. E, fit mai kyau na wannan sana'a daga ƙasashe masu sanyi ake samunsa, irin su Amurka da Kanada da arewacin Turai. Kuma ba dole ne sai shi ba. A Kenya, garinsu mai suna Biofix da Jami'ar Nairobi ta ƙirƙiro, kamfanin MEA ke yi, da dattin da ake tacewa daga ruwan rake a masana'antar sukari aka gina shi. A Indiya sun daɗe suna amfani da gawayi da wani kwal mai laushi da ake kira lignait. Mu ma muna da masana'antar sukari a Numan da Sunti, muna da kwal a Enugu da Maiganga, muna da farin yumɓu a nan Filato da Alƙaleri da Ƙanƙara. Kayan ba su ne matsala ba.

Sai dai kowanne da halinsa, kuma na taɓa su da hannuna. Gawayi yana da ramuka masu kyau, amma yakan zo da toka, tokar kuma kanwa-kanwa ce, tana haura ma'aunin da ƙwayoyin ke so, sai an wanke ko an gauraya da wani abu. Kuma gawayin wannan itace daban da na wancan, buhun yau daban da na gobe, alhali masana'anta so take abin da ta auna jiya ta same shi yau. Garin katako ɗanye, wasu itatuwan suna da sinadarin da ke kashe bakteriya, sai an bar shi ya ruɓe tukuna. Buntu yana da wuyar niƙuwa kuma ba ya riƙe ruwa sosai sai an babbaka shi. Yumɓu in ya jiƙe ya cure, in ya bushe ya zama dutse. Dattin rake yana da abinci, amma abincin nan shi ne ke gayyato fumfuna. Shi ya sa yawanci haɗawa ake, wannan ya rufe aibin wancan.

Matashi Daga Rikkos:
To ai shi ke nan, a haɗa ɗin. Gawayi da ruɓaɓɓen takin shanu, a niƙa a injin markaɗe, a tankaɗe. In na samu leda ɗaya mai kyau sai in zuba a ciki su yaɗu, kamar yadda ake ɗiban kindirmon jiya a zuba a madarar yau.

Malamin Gona Mai Ritaya:
A'a ɗana, a nan ne zan taka maka birki, kuma don ina son ka ne. Kindirmo in ya lalace hancinka zai faɗa maka tun kafin ka sayar. Wannan in ya lalace ba mai sani sai bayan sati shida, lokacin da manomi ya riga ya zuba irinsa da kuɗin huɗarsa da daminarsa. Baƙin gari duk kamarsu ɗaya a ido. Ranar da aka fara ƙulla gawayi a leda ana cewa maganin waken suya ne, ranar aka kashe wannan abu a ƙasar nan, don manomin da aka cuta sau ɗaya ba ya dawowa, kuma zai hana ƙauyensu gaba ɗaya. Na ga yadda gurɓataccen iri ya sa mutane suka juya wa iri mai kyau baya shekara da shekaru.

Matashi Daga Rikkos:
Baba ni ban ce zan cuci kowa ba. Amma in kullum aka ce mana abu ya fi ƙarfinmu, yaushe za mu fara?

Ɗalibar Ilimin Ƙasa:
Bari in ba ka labarin abin da ya same ni, sai ka ga inda gizo ke saƙar. Farkon aikina na haɗa gawayi da takin da ya ruɓe, na gyara tsaminsa daidai, danshi daidai. Rabi na dafa a tukunyar tururi mai matsi, wadda ke kai digiri 121, rabi kuma na bari haka saboda wuta ta ɗauke ranar, ga lokaci na ƙurewa. Duka na zuba musu ƙwayoyi iri ɗaya. Bayan sati biyu, ledojin da ban dafa ba sun yi furfura, wani farin zare-zare ya rufe garin, wata ma ta kumbura, in ka buɗe wari kamar ɗakin da ruwa ya kwana. Na ɗebi kaɗan na shafa a farantin gwaji mai jan rini. Namu ƙwayoyin ba sa shan rinin, sukan fito fari-fari kamar ɗigon madara, amma sai sun yi kwana biyar zuwa bakwai kafin a gan su, don na waken suya masu jinkirin girma ne. Sauran ƙwayoyin da suka yi kutse kuwa kwana ɗaya suka cika farantin, ja wur, ko wurin tsayawa ba su bar wa namu ba. Na zauna a gaban farantin nan kamar in yi kuka, wata guda na aikina ya tafi.

Ka ga bambancinsa da kindirmo. A madara, masu yin kindirmo su ne masu sauri, su ke cinye sauran. A nan namu su ne masu nawa. In masaukin ba a share shi tas ba kafin su shiga, 'yan share-wuri-zauna ne za su gaje shi. Don haka sana'ar ba niƙa gawayi ba ce. Sana'ar ita ce kashe abin da ke ciki, da rainon tsantsar irin ƙwayar da aka tantance, irin USDA 110 da ke cikin Nodumax, da ƙirga su kafin kaya su fita, da sake ƙirgawa bayan wata uku da wata shida. Manyan masu yi ma da wani haske mai ratsa abu da ake kira gama suke bi ta cikin ledar a rufe su kashe abin da ke ciki, kuma muna da irin wannan na'ura a Sheda kusa da Kwali a Abuja. Sannan sai NAFDAC ta yi wa kaya rajista. Ban ce ya fi ƙarfinka ba. Cewa nake ƙofar shigarsa ɗakin gwaji ce. In da gaske kake, akwai abin da za ka iya tun yanzu: ka iya samar da gawayin buntu mai hali ɗaya kullum, niƙaƙƙe, tankaɗaɗɗe, wanda mai ɗakin gwaji zai auna yau ya auna wata mai zuwa ya samu daidai. Wallahi ni kaina da zan samu mai kawo min haka da na huta.

Matashi Daga Rikkos:
To wannan magana ce. Zan biyo ki ta akwatin sirri Anti.

Hajiya Mai Awara, Gangare:
Ni kuma ku ba ni dama in tambaya. Wata tsohuwa a ƙungiyarmu, 'yar Binuwai ce ta yi aure a nan, ta ce su can in za a buɗe sabuwar gonar waken suya sai a ɗebo ƙasa daga tsohuwar gona a watsa. Ashe ba ita ce wannan hikimar ba? Ita ƙasar ba masauki ba ce?

Malamin Gona Mai Ritaya:
Ita ce Hajiya, kuma ita ce ta fari a duniya. Turawa ma haka suke yi kafin a gane dalili. Sai a 1888 wani masani ɗan Holan, Beijerinck, ya ware ƙwayar daga cikin ƙurjin, a 1896 kuma aka fara sayar da ita a Jamus da sunan Nitragin. Na farkon a kwalba suke, kuma ba su daɗewa, wannan ne ya sa aka yi ta neman masaukin da ya fi har aka dace da fit. Ɗibar ƙasa tana aiki, amma ki duba nauyin: buhu nawa za ki ɗauka zuwa kadada ɗaya, alhali leda biyar ko shida sun isa irin kadadar, ki sa su a jakar hannu? Na biyu, ƙasa ba ta zuwa ita kaɗai. Tana tafe da 'ya'yan wuta-wuta da tsutsar saiwa da ciwon da ke tsohuwar gonar. Kin kawo baƙo ɗaya na arziki da goma na tsiya.

Ɗan Yelwan Shendam:
Salama jama'a. Ku mutanen Jos kuna cikin ni'ima, tudunku ya haura mita 1,200, ɗakinku ma firji ne. Mu nan ƙasa watan Maris da Afrilu ko ruwan randa sai ya yi ɗumi. Abin da nake yi, tukunya biyu nake sa wa, ƙarama cikin babba, in cika tsakaninsu da yashi mai ruwa, in rufe da jiƙaƙƙen buhu a inuwa, irin dabarar da malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya ci kyautar Rolex a 2000. Ledojin nakan sa su a roba mai murfi kafin in zura, don kada ruwa ya taɓa su. Tambayata, na ji ana cewa akwai na ruwa a jarka, ba gari. Ba zai fi mana ba?

Ɗalibar Ilimin Ƙasa:
Dabararka ta yi Kawu, kuma mai firji ma ya sa a ƙasa wajen kayan miya, kada ya kai shi gidan ƙanƙara. Na ruwa akwai shi, Barazil ma yawanci shi suke amfani da shi, kuma su ne suka fi kowa cin moriyar abin nan, miliyoyin kadada na waken suya ba tare da yuriya ba. Masaniyarsu Mariangela Hungria ta hukumar binciken noma ta Embrapa a kan wannan aikin ta karɓi babbar kyautar abinci ta duniya a 2025. Amma su injin ne ke fesa wa iri, kaya kuma na tafiya cikin tsari. A ganina, a inda kaya za su kwana uku a bayan mota su zo su zauna a shago mai rufin kwano, gari ya fi haƙuri, don ko bayan an shafa a jikin iri yana ɗan kare su daga bushewa. Na ruwa da ya bushe a bayan wake, ba inda za su fake sai abin da aka haɗa masa na kariya.

Manomi Daga Mangu:
Ku yi haƙuri, ni fa ban yarda da abin nan ba gaba ɗaya. Na shafa shekara ɗaya, maƙwabcina bai shafa ba, muka girbe kusan daidai. Kuma an ce irin waken suya na TGx da muke shukawa ba ya buƙata.

Malamin Gona Mai Ritaya:
Ba ƙarya ka yi ba, hakan na faruwa. Irin TGx, kamar 1448-2E da 1835-10E, IITA ta fitar da su ne musamman don su iya ƙulla zumunci da ƙwayoyin da ke ƙasarmu tun asali, irin waɗanda wake da gyaɗa ke amfani da su. In gonarka ta saba da waken suya, mai yiwuwa tana da isassu. Amma na ƙasa ba duka ne ƙwararru ba, wani ya gina ƙurji ya zauna yana ci ba ya biya. Shirin N2Africa da Jami'ar Wageningen ta jagoranta daga 2009 zuwa 2019 ya gwada a gonakin manoma da yawa a arewacin ƙasar nan, kuma abin da ya fi fitowa fili shi ne garin da takin supa tare suka fi ba da amfani, fiye da kowanne shi kaɗai, duk da cewa gona ta bambanta da gona. Ka sa supa kuwa? Ƙasarmu ta tudu jar ƙasa ce mai tsami, tana riƙe sinadarin da ke cikin supa ta hana shuka, ƙurji kuma ba ya aiki sai da shi.

Manomi Daga Mangu:
Ban sa ba gaskiya. Ragowar yuriyar masara na watsa.

Malamin Gona Mai Ritaya:
To ka ga. Shuka in ta samu yuriya a sauƙaƙe ba ta wahalar da kanta ciyar da baƙi, sai ta rage ƙurajen. Bana ka gwada da supa, ka bar kunya huɗu ba gari, ka shuka su da farko kafin hannunka ya taɓa garin. Gonarka ce za ta raba mu gardama.

Hajiya Mai Awara, Gangare:
Ga yadda muke cuɗa namu, a gyara mana in da kuskure. Da asuba muke yi, a ƙarƙashin mangwaro. Mu jiƙa ƙaro a ruwan ɗumi ya narke, mu bari ya huce sarai, in ba ƙaro mu sa sukari. Mu yayyafa wa irin a babban baho, ya ɗan yi sheƙi kawai ba ya jiƙe sharkaf ba, don in ruwa ya yi yawa ɓawon waken saɓulewa yake. Sannan mu barbaɗa garin muna juyawa a hankali har kowace ƙwaya ta yi baƙi. Mu baza a buhu a inuwa ya sha iska kaɗan, mu shuka a ranar, a ƙasa mai danshi, muna rufewa nan take. Abin da za mu iya shukawa kafin azahar kaɗai muke cuɗawa.

Ɗalibar Ilimin Ƙasa:
Mama ba abin gyara. Ƙaron nan namu na Yobe da Borno da Jigawa yana cikin mafi kyawun abin manne da aka sani a wannan aiki, har yana taimaka musu su jure bushewa. Abu biyu kawai: kada a yi da ruwan famfo mai warin kulorin, kuma in iri ya zo da hodar maganin fumfuna a jikinsa, a shafa garin daf da shuka, don wasu magungunan suna kashe su in sun daɗe tare.

Manomin Bukuru:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Yanzu saura abu ɗaya: ina tsaye a shago, leda a rufe, yaya zan gane mai rai?

Alhaji Mai Shagon Taki:
Ka duba ranar da aka yi shi da ranar ƙarewa, yawanci wata shida ne. Ka duba an rubuta na waken suya ne, don na wani wake daban ba zai yi maka ba. Ka latsa ledar, mai kyau tana da laushi da ɗan nauyi, in ka ji tana ƙaras-ƙaras kamar yashi ko ta kumbura kamar balan-balan, ajiye. In da huda ko fenti ya koɗe alamar ta sha rana, ajiye. Kuma ka kalli inda mai shagon ya ɗauko ta. Ni dai ga shawarata: ku haɗa adadin da kuke so, ku da matan su Hajiya da duk mai bukata, ku ba ni kafin ƙarshen Afrilu. In saro daidai, ya iso cikin Mayu, kowa ya kwashi nasa cikin sati, ba abin da zai kwana a shago har shukar Yuni.

Hajiya Mai Awara, Gangare:
Mun yarda Alhaji. Ranar Asabar muna da taro, zan rubuto sunaye da kadadar kowa.

Manomin Bukuru:
A sa min leda goma sha biyu. Ni ma zan bar kunya huɗu kamar yadda Baba ya ce wa ɗan'uwana na Mangu.

Ɗalibar Ilimin Ƙasa:
Yaya in ka yi haka, don Allah kada ka yar da ledar bayan ka juye, akwai lambar rukuni a jikinta, ka adana min. In shuka ta kai sati shida ka kira ni in zo Jengre, ko ka kawo min tushe biyar daga masu gari, biyar daga kunyoyin nan huɗu, kowanne a ledarsa. Amma kada ka fizge su da hannu, ƙurajen tsinkewa suke su zauna a ƙasa. Ka sa fartanya ka sare ƙasar tazarar taƙi ɗaya daga gindin, ka ɗago da ƙasarsa gaba ɗaya, ni zan wanke a bokiti in ƙirga.